Filin Kurket Na Abuja, Inda Musu Ya Fi Wasa Tsawo

Duk baƙon da ya sauka a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, ya kamo babban titin nan da ya miƙe zuwa tsakiyar Abuja, da zarar ya bar Lugbe a baya ya doshi ƙofar birni, abin da zai fara cika masa ido shi ne Babban Filin Wasanni na Ƙasa. An gina shi ne domin Wasannin Ƙasashen Afirka karo na takwas, waɗanda Nijeriya ta karɓi baƙuncinsu cikin watan Oktoba na shekarar 2003, kuma a shekarar 2019 aka sa masa sunan marigayi Moshood Abiola. Yana cin mutum fiye da 60,000, kuma in aka ambace shi ƙwallon ƙafa ke faɗo wa kowa a rai.

Amma wanda ya daure ya ƙarasa ɗaya ɓangaren, wanda ma'aikatan wurin ke kira Fakej B, inda ɗakunan wasanni da wurin iyo suke, zai tarar da wasu filaye biyu masu ciyawa, kowanne a kewaye kamar faifai, babu raga, babu gola. Waɗannan su ne filayen Hukumar Wasan Kurket ta Nijeriya. Ba a cika samun cinkoso a nan ba. Ran Asabar da Lahadi, musamman in damina ta ɗauke, akan ga 'yan makaranta maza da mata, da ma'aikatan gwamnati, da baƙi mazauna Abuja 'yan asalin Indiya da Pakistan, da kuma wasu dattawa waɗanda suka koyi wasan tun suna kwaleji. Wasan da ake yi a cikin fili yakan ƙare cikin sa'a uku ko huɗu. Wanda ba ya ƙarewa shi ne musun da ake yi a bakin fili, kuma galibinsa a kan wani irin wasa ne wanda ba a taɓa yinsa a ƙasar nan ba, watau babban wasan kwana biyar da ake kira Tes.

YADDA AKE WASAN

Domin mai karatu ya fahimci musun, sai ya fara sanin wasan. Kowane ɓangare yana da mutum 11. A tsakiyar fili akwai wani tsiri mai tsawon yadi 22, an kakkafa turaku uku a kowane ƙarshensa, an kuma ɗora wasu 'yan itatuwa biyu a kansu. Mai jifa yakan sheƙo da gudu ya wurgo ƙwallo, ba tare da ya lanƙwasa gwiwar hannu ya miƙe ta ba, ƙwallon ta daki ƙasa ta taso, nufinsa ya ka da turakun. Mai bugu kuwa yana tsaye a gabansu da wata faffaɗar sanda ta katako, yana tare su. In ya bugi ƙwallon ta yi nisa, sai shi da abokinsa na ɗaya ƙarshen su yi musayar wuri da gudu, kowace musaya maki ɗaya. In ƙwallon ta gangara har iyakar fili maki huɗu ke nan, in ta haye ta sama shida. Ana fitar da mai bugu in an ka da turakunsa, ko aka cafe bugunsa kafin ya taɓa ƙasa, ko ya tare ƙwallon da ƙafa alhali turakun ta nufa, ko aka riga shi isa wurinsa. In an fitar da mutum goma, sai masu jifa su karɓi sanda. Jifa shida shi ne zubi ɗaya.

A wasan Tes kowane ɓangare yakan shiga bugu sau biyu. Ana yin kamar sa'a shida a rana, zubi 90, da hutun abincin rana da na shan shayi, har kwana biyar, kuma bayan duk wannan wahala ana iya tashi babu wanda ya ci. An fara shi a Melbon cikin watan Maris na 1877, inda Ostareliya ta ci Ingila da maki 45. Ƙasashe 12 kaɗai aka yarda su yi shi, biyu daga cikinsu a Afirka, watau Afirka ta Kudu tun 1889 da Zimbabuwe tun 1992. A da ma akwai wasannin da ba a yanka musu kwana ba. A shekarar 1939 an fara wani a Daban ran 3 ga Maris, aka kai 14 ga wata ana abu ɗaya, har sai da 'yan Ingila suka haƙura saura maki 42 su ci, don kada jirgin ruwan da zai mayar da su gida ya tashi ya bar su.

Mai son wannan wasa a Abuja barcinsa ba a hannunsa yake ba. In ana yi a Ingila, da sauƙi, don da hantsi ake farawa. In a Indiya ne, sai wajen Asuba. In kuwa a Ostareliya ne, to sai bayan sha biyun dare. Saboda haka da yawa daga masu musun nan sukan zo fili da jajayen idanu, kowa da lissafinsa a cikin wayar hannu.

DAGA IKKO ZUWA KATSINA

Kurket ba baƙo ba ne a Nijeriya. Turawan mulki suka zo da shi, kuma tun cikin watan Mayu na 1904 aka yi wasa tsakanin Ikko da ƙasar Gwalkwas, wadda ta zama Gana, a filin sukuwa na Ikko, inda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa. Da farko Turawa da 'yan ƙasa tare suke yi, daga baya aka raba, har ya zama kowane ɓangare yana da ƙungiyarsa, ta Turawa a 1932, ta 'yan ƙasa a 1933. Sai a 1957 suka koma ɗaya. Nijeriya ta daɗe tana fita waje a ƙarƙashin tutar Afirka ta Yamma, kafin ta sami kujerarta ita kaɗai a Majalisar Kurket ta Duniya a shekarar 2002.

A Arewa kuwa, Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ita ce mahaifar wasan. A can ne Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya yi kurket da wasan fayis yana ɗalibi. Da kwalejin ta koma Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa, wasan ya bi ta. Shi ya sa in aka ga dattijon Bahaushe a bakin filin Abuja yana gyara wa yaro riƙon sanda, da wuya a tambaya ba a ji ya ambaci ɗaya daga tsofaffin kwalejojin gwamnati ba. Abin takaici shi ne da makarantun suka fara lalacewa, filayen suka koma na ƙwallon ƙafa ko aka yi gini a kansu. Duk da haka Kaduna ba ta saki ba. Daga can Sylvester Okpe ya fito, wanda ya jagoranci 'yan ƙasa da shekara 19 zuwa gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020, karo na farko da Nijeriya ta kai wannan matsayi. Wanda ke shugabancin hukumar a lokacin kuma malamin tiyata ne daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Farfesa Yahaya Ukwenya.

WA YA FI IYA BUGU?

Kamar yadda masu sha'awar dambe ba sa gajiya da musu a kan Shago da Ɗandunawa, haka masu kurket suke a kan mutum biyu, Donald Bradman na Ostareliya da Sachin Tendulkar na Indiya.

Dattawa su ne 'yan bayan Bradman, kuma hujjarsu lissafi ce. Ana auna mai bugu ne ta hanyar raba makinsa da yawan fitar da shi da aka yi. Wanda ya sami 40 gwani ne, wanda ya kai 50 ya shiga sahun manya. Bradman, daga 1928 zuwa 1948, ya yi wasa 52, ya tara maki 6,996, aka fitar da shi sau 70, watau 99.94 ke nan. A shigarsa ta ƙarshe, a Landan, maki huɗu kawai yake bukata ya cika 100 cif, amma Eric Hollies ya ka da turakunsa a jifa na biyu bai sami ko ɗaya ba. Dattawan kan ce wannan ma darasi ne, don cikar kamala ba ta ɗan Adam ba ce. Sukan ƙara da cewa a zamaninsa babu hular kwano, ba a kuma rufe tsirin wasa in ana ruwa. Har a 1932 zuwa 1933, da 'yan Ingila suka rasa yadda za su yi da shi, sai kyaftin ɗinsu Douglas Jardine ya sa Harold Larwood ya riƙa auna jikin masu bugu, abin da ya kusa ɓata tsakanin ƙasashen biyu, amma duk da haka Bradman ya tashi da fiye da 56.

'Yan Indiya da matasa ba sa musun lissafin. Abin da suke ja a kai shi ne ma'anarsa. Sukan nuna cewa Bradman bai taɓa yin Tes a wata ƙasa ba sai Ingila da Ostareliya, kuma 37 daga wasanninsa 52 da Ingila ya yi su. Tendulkar kuwa ya fara yana ɗan shekara 16 a Karachi a 1989, ya yi shekara 24 yana yawon duniya, ya yi wasa 200, ya tara maki 15,921, ya cika ɗari sau 51, a lokacin da ake ɗaukar kowane motsinsa a hoto ana nazarin inda rauninsa yake. Matsakaicinsa 53.78 ne, amma a ganinsu wanda ya yi noma a gona goma dabam dabam ya fi wanda ya ƙware a biyu sanin ƙasa.

Abin sha'awa shi ne ladabin musun. Saurayi ba ya katse dattijo. Yakan jira ya dasa aya, sa'an nan ya fara da "Baba, a gafarce ni," kafin ya kawo tasa hujjar, wadda sau da yawa ita ce za ta rushe ta Baban. In abin ya yi zafi, sai wani ya jefo sunan Brian Lara na tsibiran Karebiyan, wanda ya yi maki 400 a shiga ɗaya ba a fitar da shi ba, a kan Ingila a Antigwa a 2004, ko Hanif Mohammad na Pakistan, wanda ya tsaya da sanda fiye da sa'a 16 a Babedos a 1958 don ya ceci ƙasarsa daga faɗuwa. Nan take sai musun ya sake reshe: shin yawan maki ake yabo, ko makin da aka samo ranar da ƙungiya ke cikin tsaka mai wuya? Wasu kuma sukan tuna wa 'yan Indiya cewa cikin watan Yuli na 2025 Joe Root na Ingila ya hau matsayi na biyu a yawan maki, yana bin Tendulkar.

WA YA FI IYA JIFA?

Akwai masu cewa duk wannan ɓata baki ne, don mai bugu ba ya cin wasa. Sai an fitar da mutum goma sau biyu ake cin Tes, kuma wannan aikin masu jifa ne. Su ma kashi biyu ne. Akwai masu jifan ƙarfi, waɗanda ƙwallonsu kan yi gudun fiye da kilomita 140 a sa'a, akwai kuma masu murɗa ƙwallo da yatsu ko wuyan hannu, ta zo a hankali amma in ta daki ƙasa ta kauce.

A cikin masu murɗawa, musun na tsakanin Muttiah Muralitharan na Siri Lanka da Shane Warne na Ostareliya ne. Na farko ya fitar da mutum 800 a wasa 133, kuma na 800 ɗin ya faɗo ne a jifansa na ƙarshe a 2010. Warne, wanda ya mutu a 2022, ya fitar da 708 a wasa 145. 'Yan bayan Warne kan ce 176 daga na Muralitharan 'yan Zimbabuwe da Bangaladesh ne, waɗanda ba su da ƙarfi, kuma sukan tono yadda alƙalin wasa Darrell Hair ya soke jifansa a Melbon a 1995 bisa zargin yana miƙe gwiwar hannu. 'Yan bayansa kan amsa da cewa an auna shi da na'ura, aka ga haka hannunsa yake tun haihuwa, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna kusan kowane mai jifa yana ɗan miƙe hannu, shi ya sa a 2005 aka sa iyakar digiri 15 ga kowa.

Masu son jifan ƙarfi kuwa sukan ambaci James Anderson na Ingila, wanda ya ajiye a 2024 da mutum 704, da Malcolm Marshall, wanda ya fitar da 376 kuma bai kai ga ba da maki 21 a kan kowane ɗaya ba, a zamanin da 'yan Karebiyan suka yi shekara 15, daga 1980 zuwa 1995, ba a ci su a jerin wasa ba. 'Yan Indiya kan kawo Jasprit Bumrah, wanda ya cika 200 a ƙarshen 2024 yana ƙasa da 20. Amma in ana maganar wasa guda, kowa yakan sallama wa Jim Laker na Ingila, wanda ya fitar da 19 cikin 20 na 'yan Ostareliya a Mancesta a 1956.

A nan ne manomi zai fi ɗan boko saurin ganewa, don rabin kurket sanin ƙasa ne. Tsirin Ingila mai ciyawa ne da laima, ƙwallo takan karkace a iska, musamman da yake 'yan wasa sukan goge gefe ɗaya ya yi sheƙi su bar ɗayan ya yi kaushi. Na Ostareliya tauri gare shi, ƙwallo takan taso har ƙirji. Na Indiya busasshe ne, kafin kwana na huɗu ya tsattsage kamar fadama da rani, sai masu murɗawa su ci kasuwarsu. Ita kanta jar ƙwallon tsufa take yi, sai bayan zubi 80 ake ba da sabuwa. Saboda haka maki 50 a wani wuri ya fi 100 a wani, kuma wannan ne ya sa musun ba shi da ranar ƙarewa.

Abu ɗaya da ya taɓa haɗa kan masu musun shi ne abin da ya faru a filin Lods na Landan ran 14 ga Yuni, 2025, sa'ad da Afirka ta Kudu ta ci Ostareliya ta ɗauki kambin Tes na duniya. Kagiso Rabada ya fitar da mutum tara, Aiden Markram ya yi 136, kyaftin Temba Bavuma ya yi 66 yana ɗingishi. Bavuma baƙar fata ne daga wata unguwar talakawa ta birnin Kef mai suna Langa, sunan da kan ba Hausawa dariya. Dattawan da suka ga zamanin wariyar launin fata, lokacin da aka kori ƙasar daga wasan tun 1970 har 1991, kuma Nijeriya ta ƙaurace wa wasannin Kwamanwel na 1978 saboda wannan batu, sun fi kowa sanin nauyin ranar.

RANAR DA ABUJA TA SHIGA LISSAFI

Filayen nan biyu su ma suna da nasu tarihin. Cikin watan Nuwamba na 2024 an yi wasannin neman gurbin gasar duniya ta gajeren wasa mai zubi 20 a kansu, tsakanin Nijeriya da Botsuwana da Saliyo da Eswatini da Kwaddebuwa da tsibirin San Helena. Ran 24 ga wata Nijeriya ta yi maki 271, Selim Salau shi kaɗai ya yi 112, sa'an nan aka fitar da 'yan Kwaddebuwa duka a kan maki 7, abin da ba a taɓa gani ba a irin wannan wasa na maza tsakanin ƙasashe. Kafin nan, a 2021, Peter Aho ya fitar da 'yan Saliyo shida a Ikko ya ba da maki biyar kacal, kuma wannan ya zauna a matsayin bajinta mafi girma a duniya har 2023.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Sun ciyo tagulla a Wasannin Afirka a Akara cikin Maris na 2024, kuma ran 20 ga Janairu, 2025, 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka ci Niyuzilan da maki biyu a gasar duniya a Malesiya, ƙasar da ta yi kusan shekara ɗari tana Tes.

ABIN DA YA RAGE

To amma duk waɗannan nasarori a gajeren wasa aka same su, kuma nan ne musun bakin fili ya daina zama hira. Matasa na ganin gajeren wasa shi ne hanya, don shi ke kawo kuɗi da 'yan kallo, kuma shi za a yi a wasannin Olamfik na 2028. Dattawa kuwa na ganin yaron da bai taɓa tsayawa da sanda wuni guda ba, bai san haƙurin barin ƙwallo ta wuce ba, to bai gama koyon wasan ba. Sukan ba da misali da Kenya, wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta 2003 amma ba ta taɓa samun izinin Tes ba, daga baya ta ja da baya. Kyaftin ɗinta na lokacin, Steve Tikolo, shi aka ɗauko ya horar da 'yan wasan Nijeriya a 2022.

Ba a shiga sahun Tes sai ƙasa tana da wasannin cikin gida na kwana uku ko huɗu, da filaye masu kyau, da masu kula da su, da alƙalai, da makarantun da ke fitar da yara kowace shekara. Filaye biyu a Abuja ba za su ɗauki wannan kaya ba. Yaron Nyanya ko Kubwa ko Gwagwalada sai ya biya kuɗin mota mai yawa kafin ya iso su, balle na Gusau ko Azare. Kayan wasan ma daga waje ake sayo su, da tsada.

Ya kamata ma'aikatun ilmi na jihohin Arewa su duba tsofaffin filayen kwalejojinsu, su kuma nemi dattawan nan tun suna da sauran ƙarfi, don abin da ke kansu ba a rubuce yake ba. Ya kamata iyaye su bar 'ya'yansu, maza da mata, su gwada. Wasan da Sardauna ya yi a Katsina bai kamata ya zama abin da jikokinsa za su riƙa kallo a waya da tsakar dare ba. Da yamma, in an tuge turaku an naɗe kaya, masu musun sukan watse kowa a kan bakansa, da alkawarin haɗuwa mako mai zuwa. Fatan dattawan cikinsu shi ne wata rana a yi irin wannan musu a kan wani yaro daga Kaduna ko Katsina. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.